Mai cikin da aka sa wa N39.0: yadda fayil ɗinta ya tashi daga ɗakin awo har inshora ta dawo da shi

Duk wanda ya taɓa zama a ofishin rekod na asibiti ya san N39.0, ko daga barci aka tashe shi zai faɗe ta. Ita ce lambar da littafin ICD-10, kundin Hukumar Lafiya ta Duniya da ke ba kowace cuta lamba, ya ware wa ciwon hanyar fitsari wanda ba a faɗi takamaiman wurin da ya kama ba, kuma da yake likitocinmu sun saba su rubuta haruffa ukun nan UTI, gajeren sunan ciwon da Turanci, su wuce na gaba, sai ta zama lambar da ake manna wa fayil ido rufe. Sau da yawa kuma ba ita ce daidai ba. Zan kawo lamarin mace ɗaya da fayil ɗinta ya biyo ta teburinmu, na cire duk abin da zai sa a gane ta ko a gane asibitin, saboda ɗaliban rekod da ƙananan likitoci su ga inda gizo ke saƙar.

Matar shekararta 27, ciki na huɗu, sati 30. Ta zo awo ranar da aka saba, ta ce wa nas kwana uku ke nan tana jin zafin fitsari, ga yawan zaryar banɗaki amma ɗan kaɗan ke fita, ga mara na ɗaure mata. Ita dai sanyi ta kira shi, kuma kafin ta zo ta riga ta sha kafso ɗin da mai kemis na unguwarsu ya ƙirga mata na kwana biyu, sunansa ma ba ta sani ba sai dai kalarsa. Aka tsoma tsinken gwaji a fitsarinta, nitrite ya nuna, leukocyte ma ya nuna, duka alamun ciwon fitsari ne, zazzaɓi kuwa babu. Likitan da ke duba masu awo ya rubuta mata cefuroxime, maganin kashe bakteriya, ya ba ta kwalba ya ce ta kai fitsari lab a yi kalca, wato a shafa shi a faranti a jira kwana biyu zuwa uku a ga wace ƙwaya ce za ta tsiro da kuma wane magani ne ke iya mata. Gaskiya a ɓangaren magani ya yi abin da ya kamata, da yawa ma ba sa tura kalcan. Amma a layin da ake rubuta cuta abin da ya sa kawai UTI. Bai ce mafitsara ce ba, bai ce mai ciki ce ba, tunda a ganinsa ai katin awo ne a gabansa kowa ya sani.

Ta kai fitsarin, ta biya, ta tafi gida. Babu wanda ya koma karɓo sakamako, kuma lab ba sa bin mutum da shi.

Bayan kwana biyar mijinta ya kawo ta da daddare a adaidaita sahu, jiki zafi rau, ma'auni ya nuna 39.3, tana rawar ɗari har haƙora na haɗuwa, ga amai, ga ciwon kwiɓi ta dama wanda ko ɗan bubbuga mata baya aka yi ƙasan haƙarƙari sai ta zabura. Damina ce, don haka tunanin kowa maleriya, har an yi mata allurar artesunate ta farko kafin gwaji ya dawo. Gwajin gaggawa bai nuna maleriya ba, wanda aka duba a madubin lab ma bai nuna ba, sai aka tsayar da allurar. Aka ba ta gado, aka sa mata ƙarin ruwa da ceftriaxone ta jijiya.

Ga wanda bai sani ba, mai ciki ta fi sauran mata saurin ciwon ya hau sama daga mafitsara zuwa ƙoda, domin sinadarin progesterone na sa bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda ya saki jiki, mahaifa kuma na danne shi musamman ta dama, sai fitsari ya riƙa kwanciya ƙwayoyin cuta su samu hanya. In ya kai ƙoda kuwa magana ta canza, zai iya tayar da naƙuda kafin lokaci, zai iya shiga jini. Shi ya sa ma Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojin awon ciki da ta fitar a 2016 ta ce ko mai ciki ba ta jin komai, in dai an ga bakteriya a fitsarinta a ba ta magani na kwana bakwai.

Kwana biyu tana kan ceftriaxone zazzaɓi ya ƙi sauka. Metiron ɗin ɗakin ce, Allah ya saka mata, ta tsaya ta tambayi mijin, Malam an taɓa yi mata gwajin fitsari kafin wannan kwanciyar? Ya laluba aljihu ya fito da rasit duk ya cukurkuɗe. Aka tura shi lab ya karɓo takardar da ta yi kwanaki tana jira a cikin kwali. Bakteriyar E. coli ce ta tsiro, sama da 100,000 a kowace mililita, kuma a jerin magunguna an sa R, wato ƙwayar ba ta jin maganin, gaban ampicillin, gaban cefuroxime ɗin da ta sha, gaban ceftriaxone ɗin da ke shiga jijiyarta a lokacin, har da ciprofloxacin. S, wato waɗanda take ji, guda uku ne kawai, meropenem da amikacin da nitrofurantoin. Can ƙasa ma'aikacin lab ya rubuta ESBL da jan biro ya ja layi biyu. ESBL ɗin nan wani sinadari ne da ƙwayar ke fitarwa tana farfasa dangin penisilin da su ceftriaxone kafin su taɓa ta. Nitrofurantoin yana da araha amma a cikin fitsari yake taruwa, ba ya ratsa naman ƙoda yadda ake so, don haka ba ya maganin ciwon da ya hau sama. Babbar likitar masu ciki ta mayar da ita kan meropenem, mai tsadar gaske, cikin kwana biyu jiki ya yi sanyi ta fara cin abinci, yaro na motsi lafiya. A rana ta goma aka sallame ta.

Toh daga nan ne namu aikin ya fara. Ƙaramin likitan da ya cike takardar sallama, wanda na san a ranar ya kwana a asibiti yana kan kira, abin da ya rubuta a matsayin cutar ƙarshe shi ne UTI, sai alamar tambaya malaria, sai alamar tambaya urosepsis. Layi ɗaya. Ba ƙoda, ba ciki, ba E. coli, ba ESBL. Fayil ya sauko rekod ya faɗa hannun wani ɗalibi da ke koyon aiki a wajenmu, yaro mai ƙoƙari wallahi, ya sa N39.0 a matsayin babbar cuta, ya sa B54 ta maleriyar da ba a fayyace ba a ƙasa, aka tura wa masu lissafin kuɗi, su kuma suka haɗa da bil suka aika wa kamfanin inshorar da mijin ke ciki.

Bil ɗin ya dawo da tambayar me ya sa ciwon fitsari ya ci wannan kuɗi, kuma tambayar tasu tana kan hanya. A tsarin inshorar lafiya na Najeriya, wanda dokar 2022 ta mayar da shi ƙarƙashin NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ƙananan cututtuka ana biyan asibiti kuɗinsu ne a dunƙule duk wata kan kowane mutum, manyan ayyuka kuma su ake biya ɗaya bayan ɗaya bayan an nemi izini. Wanda ke zaune a ofishin inshora bai ga matar nan tana karkarwa ba, lamba kawai ya gani, lambar kuma ce masa take yi ciwon fitsari ne na yau da gobe da ake ba wa ƙwaya a tafi gida. Sai ya ga kwana goma a gado da kwalaben meropenem. Dole ya tsaya.

Na kira ɗalibin na ce ya nuna min yadda ya kai ga lambar. Ya ce Oga ai UTI aka rubuta, na duba a waya N39.0 ce ta fito. Na ce ya ɗauko juzu'i na 1 ya buɗe farkon babi na 14, babin cututtukan hanyar fitsari da al'aura, ya karanta min abubuwan da aka ce an fitar daga babin tun kafin a fara jero lambobi. Yana karantawa ya zo kan matsalolin ciki da haihuwa da jego, O00 zuwa O99, sai ya yi shiru. Nan ne fa. In dai mace na da ciki kuma ciwon ya shafi cikin, gidansa babi na 15 ne, kuma can akwai rukuni guda da aka tanada domin wannan, O23. A ƙarƙashinsa O23.0 ƙoda ce, O23.1 mafitsara, O23.2 bututun da fitsari ke fita, O23.4 kuma ita ce takwarar N39.0 ga mai ciki, wato in ba a faɗi wuri ba. Ko da a ce ba mu da komai sai haruffa ukun nan, tunda fayil ɗin daga ɗakin masu ciki ya sauko kuma kowane shafi na ɗauke da satin ciki, O23.4 ya kamata ta hau, N39.0 ba ta da gurbi sam. Wannan ne amfanin bin littafin yadda aka tsara shi, ka nemo kalmar a juzu'i na 3 mai jerin haruffa, sannan ka koma juzu'i na 1 ka tabbatar ka karanta abin da aka haɗa da abin da aka cire. Waya lamba za ta miƙo maka kawai, ba ta karanta maka kan babi.

Amma O23.4 ɗin ma ba ta gamsar da ni ba, domin duk wanda ya karanta fayil ɗin ya san ƙoda ce ta kamu. Zazzaɓi 39.3, ciwon kwiɓi, amai, meropenem. Sai dai a nan akwai iyakar da ba ma tsallakawa kuma ina so ɗalibai su riƙe ta da kyau: ma'aikacin rekod ba ya yanke cuta. Ko ka shekara ashirin kana karanta fayil har ka fi ƙaramin likita gane abin da ke ciki, ba ka da hurumin ka ce wannan pyelonephritis ce, wato ciwon ya kama ƙoda, ka sa lamba in likita bai rubuta ba. Haka takardar lab, ganin E. coli a jikinta bai ba ka damar ka ɗora mata ciwon ba, saboda fitsari na iya gurɓata wajen ɗiba, ƙwaya na iya tsirowa ba tare da ita ce ke sa mutum ciwo ba, likita ne zai haɗa su ya ce wannan ciwon wannan ƙwayar ce ta kawo shi. Abin da ya rage mana shi ne mu tashi daga kujera mu je mu tambaya, kuma a gaskiya nan ne da yawanmu ke kasawa, wani kunya, wani tsoron a ce masa me ya sani, wani kuma fayil ɗari ne a gabansa kafin azahar.

Na rubuta tambayoyin a takarda na haɗa da fayil na samu babbar likitar bayan ta gama zagayen safe. Na ce ranki ya daɗe Dakta, fayil ɗin nan inshora ta dawo da shi, akwai abubuwa huɗu da nake so ki fayyace mana da hannunki. Wane ɓangare na hanyar fitsari ne ya kamu. Ƙwayar da lab suka gani tana da alaƙa da ciwon ko babu. Maleriyar da aka sa wa alamar tambaya an tabbatar ko an kore ta. Sai urosepsis, me ake nufi da shi a kan wannan matar. Ku lura ban ce mata Dakta ki rubuta pyelonephritis don a biya mu ba. Tambaya ake yi a buɗe a bar likita ta faɗi abin da ta gani, in ka sa mata amsa a baki don kuɗi to ka bar aikin rekod ka shiga wani abu daban, kuma ranar da masu bincike suka zo sunanka ne a ƙasan takardar.

Maganar alamar tambayar nan tana buƙatar a ɗan tsaya a kanta, don tana rikita mutane sosai. Juzu'i na 2 na ICD-10, mai ƙa'idoji, ya ce in an gama jinya kuma babbar cutar har yanzu ana zato ne, babu wani ƙarin bayani, sai a sa mata lamba kamar an tabbatar. Da wannan ɗalibin ya kafa hujjar B54 ɗinsa. Amma sharaɗin shi ne babu ƙarin bayani, a nan kuwa akwai, gwaji biyu ba su nuna ba kuma an tsayar da artesunate bayan allura ɗaya. Alamar tambayar daga takardar daren farko aka kwafo ta zuwa takardar sallama ba tare da an sake dubawa ba. Da an bar ta, da matar nan ta shiga ƙididdigar masu cikin da suka yi maleriya a wannan wata, a DHIS2, manhajar bayanan lafiya da ake tura wa jiha da tarayya, alhali ba ta yi ba. Kuma ko da ta yi, B54 ita kaɗai ba ta isa ba, maleriyar mai ciki O98.6 ke shige mata gaba.

Shi kuwa urosepsis kalma ce da likitoci ke so amma kowa da abin da yake nufi da ita, wani yana nufin ciwon fitsari mai tsanani kawai, wani yana nufin ƙwayar ta shiga jini gaɓoɓi sun fara gazawa. Tsakanin biyun nan akwai tazara babba a lamba da a kuɗi da a ƙididdigar mace-macen mata masu ciki. A Amurka ma ƙa'idojinsu cewa suka yi kalmar ba ta da lamba, duk inda aka gan ta a koma wa likita. Dakta ta duba jadawalin nas, hawan jini bai taɓa faɗuwa ba, fitsari na fita yadda ya kamata, gwajin ƙoda lafiya, ta ce ba sepsis ba ne, wato ba irin na biyun ba.

Ba ta goge komai ba, ba ta shafa farin ruwa a kan rubutun ƙaramin likitan ba. A ƙasa ta buɗe sabon layi ta sa kwanan watan ranar da take rubutun, ta rubuta cewa ciwon ƙoda ne mai tsanani na dama a ciki mai sati 30, E. coli mai ESBL ce ta kawo shi, an kore maleriya, babu sepsis, ta sa hannu da sunanta. Bai ɗauke ta minti biyar ba. Haka ake gyaran fayil, tsohon rubutu na nan ana karanta shi, sabo na ƙasansa da ranarsa.

Da wannan lambobin suka koma haka. Babbar cuta O23.0, ciwon ƙoda a lokacin ciki. Sai B96.2, E. coli a matsayin sanadin cutar da aka jera a wani babi. Sai U82.2, turjiyar ESBL. Biyun ƙarshen nan littafin ya faɗa ƙarara ba a taɓa sa su a gaba, 'yan rakiya ne, in ka ga fayil da B96.2 ita kaɗai a layin farko to akwai gyara. Da Klebsiella ce da B96.1 za a sa, Proteus B96.4, Pseudomonas B96.5. Da kuma matar ba ta da ciki da N10 ce babbar lambar, da mafitsara ce kawai N30.0, da bayan haihuwa ne abin ya same ta O86.2, da robar fitsari ce aka sa mata ta jawo shi kuma likita ya rubuta hakan to T83.5 ce za ta shigo. Ciwo ɗaya a bakin mutane, amma ka ga ƙofofin da yake shiga.

Wani abu da nake yawan gani a fayilolin ɗalibai shi ne lambobi masu tsawo irin B96.20 ko Z16.12 ko O23.03. Waɗannan na ICD-10-CM ne, wanda Amurka ta yi wa kwaskwarima don kanta ta fara aiki da shi ranar 1 ga Oktoba 2015, kuma shi ne ya cika intanet. A can matar nan za ta samu O23.03 saboda tana watanni ukun ƙarshe, da Z3A.30 na satin ciki, da B96.20, da Z16.12 maimakon U82.2. Ba laifi ba ne mutum ya san su, masu neman aikin sa lambar cuta na ƙasashen waje ma dole su sani, amma asibiti ya tsaya kan littafi ɗaya. In rabin fayiloli na ɗauke da U82.2 rabi Z16.12, ranar da aka ce a ƙirgo masu ESBL rabi za a samu.

Kuma ƙirgen nan shi ne ya fi damuna a duk lamarin, fiye da kuɗin inshora. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani, E. coli ce a sahun gaba, kuma yankin da abin ya fi ƙamari gwargwadon yawan jama'a shi ne namu, Afirka ta Yamma. Duk wanda ke aiki a asibiti a nan ya san ceftriaxone ba ta ci kamar da, ana faɗa a baki kullum, amma ka ce a nuna maka a rubuce masu ciki nawa ne ta ƙi yi wa aiki bara a asibitinku, sai a fara kallon juna, saboda duk sun nutse a cikin N39.0. Kwamitin magunguna ba zai iya cewa a ajiye meropenem a famasi ba in babu adadi, mai ba da kuɗi ba ya jin "muna gani da yawa". ICD-11, wadda ta gaji ICD-10, da ta fara aiki a duniya ranar 1 ga Janairu 2022 ta sauƙaƙa haɗa cuta da ƙwayarta, amma ita ma abin da likita ya rubuta za ta ci, in UTI kawai aka ba ta iyakar abin da za ta fitar ke nan.

Zuwan farko ma mun koma kansa, don shi ma fayil ne mai zaman kansa. Likitan awo ya ce abin da ya gani ranar ciwon mafitsara ne, ya ƙara rubutu da kwanan wata, aka mayar da lambar O23.1. Inshora ta biya bayan an sake tura bil da sabuwar takardar sallama da kwafin sakamakon lab.

Abin da aka canza a ɗakin masu ciki bayan wannan ƙarami ne. A takardar sallama, ƙarƙashin layin cuta, an ƙara gurabe huɗu da ake cikewa in ciwon fitsari ne: wuri, satin ciki, ƙwayar da ta tsiro, magungunan da ta ƙi ji. An kuma buɗe ƙaramin littafi a teburin nas na awo da ake rubuta duk wadda aka tura kalca da lambar wayarta, duk safiya a leƙa lab. A bangon katin matar kuwa Dakta ta sa aka rubuta ESBL da manyan haruffa, ta kuma ce a maimaita kalca bayan an gama magani da kuma a zuwan awo na gaba. Na sati 34 ya sake nuna E. coli ɗin, wannan karon ba zazzaɓi ba ciwon kwiɓi, likitan da ya gan ta ya ga rubutun bangon kati bai taɓa cefuroxime ba, ya tabbatar ba ta da ƙarancin G6PD, wata matsalar jini da ake gada, sannan ya ba ta nitrofurantoin na kwana bakwai tunda haihuwa da sauran lokaci, ya kuma rubuta wuri da ƙwaya da satin ciki a layi ɗaya. Fayil ɗin ya sauko mana washegari, ɗalibin nan ne ya sa masa lamba.